Suniyon ko Perahora da Korinti: ina za ka nufa in rana ɗaya ce ta rage maka a Atina?

Duk wanda ya sauka Atina, babban birnin Girka, ya hau Akrofolis, dutsen tsoffin haikalai da ke tsakiyar birnin, ya gama hotunansa, abu na gaba da za a ce masa shi ne ya je Suniyon ya kalli faɗuwar rana. Mai otel zai faɗa maka, ɗan tasi zai faɗa maka, masu kamfanonin yawon buɗe ido kuwa sun cika unguwar Plaka da takardun talla a kai. Ba ƙarya suke yi ba, wurin yana da kyau. Amma akwai wata hanyar da ba a cika ambata ba, wato ka bar kudu ka nufi yamma, ka haɗa kufan tsohon birnin Korinti da wani ɗan wurin bautar mutanen da can da ke maƙale a bakin teku bayan garin Lutraki, wanda ake kira Heraion na Perahora. Ni dai ba sai na ɓoye ba, in kana da mota kuma kana da cikakken yini, na biyun nake zaɓa maka. In babu mota, ko kuma rabin yini ne kawai a hannunka, to kama hanyar Suniyon kada ka wahalar da kanka. Mota ce ke raba gardamar nan, ba kyan wuri ba, don kowanne da irin kyansa.

Suniyon, wanda a Google Maps za ka rubuta Sounion, yana da nisan kilomita kusan 70 daga Atina, can ƙarshen ƙasar inda ta tsaya teku ya fara. A kan wani tsauni mai tsayin kusan mita 60 daga ruwa aka gina haikalin Fosaidon, gunkin da Girkawan da suke ɗauka shi ne mai iko da teku, wajen shekara ta 444 zuwa 440 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin Ferikilis, jagoran Atina na lokacin, lokaci guda ke nan da ake aikin Fartenon, babban haikalin da ke kan Akrofolis. Asali ginshiƙai 34 ne, yanzu ƙasa da rabinsu ne ke tsaye, farare tas, kuma wallahi in rana ta sunkuya ta doke su sai su koma ruwan zuma. Hoton da za ka ɗauka a nan babu shi a Perahora, wannan kam a faɗa a wuce. Ga kuma tatsuniyar da kowane ɗan jagora zai ba ka, wai daga nan ne sarki Egiyus ya faɗa teku da ya hango jirgin ruwan ɗansa Tisiyus yana dawowa daga tsibirin Kirit da baƙin ƙyalle, ya zaci an kashe shi, alhali yaron mantawa ya yi bai sauya fari ba. Za kuma a ce maka Lord Byron, mawaƙin Ingila, ya sassaƙa sunansa a jikin dutsen. Yana nan, amma an kewaye haikalin da igiya ba a shiga tsakiya, don haka kada ka sa rai za ka tsaya ka karanta shi da idonka.

Sauƙinsa shi ne babban abin da ya fi da shi. Akwai bas ɗin KTEL, wato bas ɗin haya na tsakanin garuruwa, da ke tashi daga cikin Atina ya bi gaɓar teku ta Gilifada da Buliyagmeni da Barkiza da Anabisos ya sauke ka dab da ƙofar wurin, tafiyar wajen awa biyu, da mota kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci in babu cunkoso. Hanyar ita kanta abin kallo ce, teku na hannun damanka kusan duk tafiyar, saboda haka in bas ka hau nemi kujerar dama. Za ka iya yin safiyarka a kasuwar Monastiraki, ka ci abincin rana, ka yi azahar, sannan ka tashi.

To ga inda matsalar take. Wurin ƙarami ne, cikin minti 45 ka gama zagaye shi har ka fara maimaita hoto. Kuma kowa lokaci ɗaya yake so, wato dab da magariba, sai ka ga manyan bas-bas sun jeru suna zazzage mutane, kowa ya ɗaga waya sama, wannan na ce maka ka ɗan matsa wancan na taka maka ƙafa, ana ta neman dutsen zama kamar ana rabon wani abu, rana na faɗuwa kuma a watse gaba ɗaya a koma hanya ɗaya a haɗu a gosulo ɗaya. Ga iska. Iskar Suniyon ba ta wasa, musamman watan Yuli da Agusta, in hula ce a kanka riƙe ta, in mayafi ne ki sa masa fil da kyau don tana iya yin sama da shi ya tafi teku. Wanda ya je da safe zai samu wurin kusan shi kaɗai, amma kuma ya rasa abin da aka ce ya zo gani. Sannan wanda ya zo da bas lallai ya tambayi lokacin bas na ƙarshe tun yana sauka, don a bazara rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 9 na dare, kada ka tsaya kallo ka juyo ka tarar babu abin hawa sai tasi mai tsadar gaske.

Ana iya ƙara wa Suniyon nauyi in da mota. Garin Labriyo yana kusa, can ne ramukan azurfar da Atina ta samu arzikin da ta gina jiragen yaƙi da shi har ta ci Farisawa a Salamis a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma gefensa akwai Torikos mai tsohon dandalin wasan kwaikwayo na dutse, ɗaya daga cikin mafi tsufa a Girka, wanda da wuya ka tarar da kowa a ciki. Amma gaskiya ko an haɗa su duka ba su kai abin da ke ɗaya hanyar ba.

Ita hanyar yamma ba wuri ɗaya ba ne, jeri ne, kuma kowane zango daban yake da na bayansa. Ka fita Atina da sassafe ta babban titin da ya bi ta Elefsina, akwai tolget a hanya ka tanadi kati ko canji, kilomita wajen 80 sai ka iso mashigin ruwan Korinti. A nan mutane da yawa ke tafka asara, don in ka tsaya a kan babban titin za ka tsallake shi cikin daƙiƙa biyu ba ka ma san ka wuce ba, dole ka fita ta hanyar Lutraki ka je tsohuwar gadar da ke da wurin masu tafiya a ƙasa. Ka leƙa ƙasa, an yanka dutse tsaye cak kamar da wuƙa, tsawon kilomita 6 da ɗoriya, faɗin ƙasansa bai wuce mita 21 ba, ruwan can ƙasa siriri shuɗi. A 1893 aka buɗe shi, amma tun shekara ta 67 bayan haihuwar Annabi Isa sarkin Rum Niro ya fara haƙa aka watsar. Yau manyan jiragen kaya ba sa iya shiga don ya yi musu ƙunci. Minti 15 ya ishe ka a nan, sai dai in kana cikin masu ɗaure igiya a ƙafa su yi tsalle daga gadar, wanda ni ban ga dalili ba.

Daga nan tsohon Korinti bai fi minti 20 ba, kuma ka lura, akwai sabon garin Korinti a bakin teku wanda aka gina bayan girgizar ƙasa ta 1858 ta rushe na da, ba shi kake nema ba, rubuta Ancient Corinth a taswira. Wannan gari ne da ya yi kuɗi da zama a tsakiya. Yana da tashar jiragen ruwa biyu, ɗaya tana kallon Italiya ɗaya tana kallon Asiya, kuma tun kafin a haƙa mashigin akwai wata hanyar dutse da suke jan kaya a kai daga wannan teku zuwa wancan, su karɓi kuɗinsu. Rumawa suka ƙone garin ƙurmus a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, ya zauna kango wajen shekara ɗari, sai Juliyas Kaisar ya sa aka sake gina shi a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya sa yawancin abin da za ka taka a yau na Rumawa ne, titin Lekayon mai shimfiɗar dutse, layin shaguna, maɓuɓɓugar Firini wadda har yanzu in ka matso kana jin motsin ruwa a ciki. Abin da ya tsira daga wancan garin na farko shi ne haikalin gunki Afolo, na wajen shekara ta 540 kafin haihuwar Annabi Isa, ginshiƙai 7 ne suka rage, gajeru masu kauri, kowanne dutse ɗaya ne ba a jera shi gunduwa-gunduwa ba. Ba su da kyan na Suniyon amma sun girme su da shekara ɗari.

Ga 'yan uwa Kirista kuwa wannan wurin ba sai an yi dogon bayani ba, nan ne Korintin da Manzo Bulus ya zauna shekara ɗaya da rabi, kuma dandamalin da aka kai shi gaban gwamna Galiyo yana nan a tsakiyar kasuwar, za ka tarar da ƙungiyoyin coci daga ƙasashe daban-daban suna addu'a a gindin bishiyoyin wurin. Akwai gidan tarihi a ciki, ƙarami ne amma cike yake, Amurkawa ne ke tonon wurin tun 1896. Ɓarayi ma sun taɓa fasa shi a 1990 suka kwashe kaya sama da 270, sai a 1999 aka gano su a Miyami ta Amurka, aka dawo da su a 2001.

Abin da ya fi tsaya min a rai a hanyar nan dai shi ne dutsen da ke bayan garin, Akrokorinti. Yana tsaye a kan Korinti yadda Dala take kan Kano, sai dai shi mita 575 ne, kuma an zagaye kansa da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 3. Mota tana kai ka har ƙofar farko, daga nan sai ƙafa, ƙofofi uku za ka wuce a jere, kuma duwatsun hanyar sun sha taku har sun yi sulɓi suna sheƙi, in silifas ka sa ko takalmi mai santsi za ka gane kurenka tun kafin ƙofa ta biyu. Kowa da ya mulki yankin ya bar hannunsa a bangon, Rumawan gabas, Faransawan yaƙin salibi, mutanen Benis, Turkawa. Daular Usmaniyya ta karɓe shi a 1458 zamanin Sultan Muhammad na biyu, mutanen Benis suka ƙwace a 1687, Turkawa suka dawo a 1715. Don haka a cikin ganuwar za ka tarar da kufan masallaci mai kubba da gindin hasumiya, ciyawa ta cinye gefensu, a ƙasan dutsen kuma a bakin hanyar hawa akwai famfon Haji Mustafa na 1515 da rubutun haruffan Larabci a goshinsa. Ba kowa ke tsammanin ganin haka a Girka ba, kuma babu mai tallata shi. Daga sama kana hango teku biyu a lokaci guda. Illarsa biyu, ana rufe shi da wuri tun kafin la'asar, kuma babu inuwa, saboda haka in lokacin zafi ne fara da shi kafin ka sauko kufan ƙasa, da ruwan sha a jaka.

Sai bayan azahar ka juyo ka tsallake mashigin ka shiga Lutraki, garin da ya yi suna da ruwan sha na kwalba da wuraren wankan ruwan ɗumi, ka hau hanyar Perahora mai kwana-kwana cikin itatuwa. Kafin ka kai ƙarshe akwai wani tafki mai ruwan gishiri da wata 'yar hanya ta haɗa shi da teku, ruwansa a kwance luf, da gidajen cin kifi a gefe. Sunansa Buliyagmeni, kuma a kiyaye, akwai wani tafkin mai suna iri ɗaya kusa da Atina a hanyar Suniyon, in ka rubuta Vouliagmeni kawai waya za ta kai ka wancan, rubuta Heraion Perachora ka huta.

Shi Heraion ɗin, in ka ajiye mota a sama sai ka gangara da ƙafa ta wata 'yar hanya, kwatsam sai ga wani ɗan lungun teku tsakanin duwatsu, ruwan garau kana ganin tsakuwar ƙasansa, kuma tubalan haikalin suna nan dab da ruwan, taku kaɗan ne tsakani. Wurin bautar gunkiya Hera ne na mutanen Korinti, tun wajen ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi haikalin Suniyon da ɗaruruwan shekaru. Turawan Ingila ne suka tone shi daga 1930 zuwa 1933 ƙarƙashin Humfry Payne, kayan da aka samu da yawansu suna babban gidan tarihi na Atina. Amma kada in yaudare ka, babu dogayen ginshiƙai a nan. Harsashin gini ne, da ragowar wata rumfar dutse mai kusurwa, da wata doguwar matattarar ruwa mai zagayayyun baki biyu da ginshiƙai a tsakiyarta, da ɗakunan cin abinci inda har yanzu ana gane wurin da gadajen kishingiɗa suke, da wani ɗan ƙaramin coci fari a sama. Wanda hoto ya kawo shi zai ce wannan ne kawai? Wanda ya zo ya zauna kuwa ba zai so tashi ba, don babu layi, babu mai busa maka usur, babu ɗan jagora da lasifika, sai ƙarar ruwa da ta gyare. A saman wurin akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Melagkabi, ta 1897, tafiyar 'yan mintoci daga inda ka ajiye mota, kuma bakin dutsen yamma yake kallo, ma'ana faɗuwar ranar da ake turereniya a kanta a Suniyon ga ta nan kana kallo da mutum goma ko ƙasa da haka.

Shirun nan fa yana da lokaci. Asabar da Lahadi a Yuli da Agusta mutanen yankin na cika lungun da iyo, da kayan wanka irin nasu, a gefen kufan kai tsaye. In da su Baba ko Hajiya kake tafe ka san da wannan tun a gida, ka zaɓi ranar aiki, ko watan Afrilu da Mayu, ko Oktoba, lokacin ne ma yanayin ya fi daɗi.

Babbar illar wannan hanya ita ce abin hawa. Zuwa Korinti kawai ba wuya, akwai jirgin ƙasa daga Atina wajen awa ɗaya, sai ka ɗauki tasi daga tasha zuwa kufan, akwai kuma bas daga tashar Kifisos zuwa Korinti da Lutraki. Amma daga Lutraki zuwa Heraion kada ka dogara da bas, in tasi ka ɗauka ku yi magana ya jira ka ko ya dawo a lokaci kaza, ka karɓi lambarsa, don babu tasin da ke zaman jiran fasinja a can. Haɗa mashigi da Korinti da Akrokorinti da Perahora a yini ɗaya ba tare da motarka ba, kuɗin tasi kaɗai zai fi na hayar mota. Ita hayar kuma mai lasin Najeriya ko Nijar sai ya haɗa da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, a gida ake yinsa kafin a taso, yawancin ƙananan motocin haya kuma masu giyar hannu ne, otomatik sai ka nema tun da wuri kuma ta fi tsada. Hannun tuƙi dai irin namu ne, dama. Ka kuma lissafa dawowa, in ka tsaya har rana ta faɗi za ka sauko kwana-kwanan nan cikin duhu sannan ka yi wajen awa ɗaya da rabi kafin Atina, bayan ka wuni kana hawan dutse. In ku biyu ne masu tuƙi ya fi.

Batun ciki kuwa duk hanyoyin biyu abu ɗaya ne. Suflaki da giros, wato tsire da shawarma irin nasu, da ake sayarwa a bakin gada da ko'ina naman alade ne in ba an ce maka kaza ba, kazar ma sau da yawa wuta ɗaya ake gasa su. Kifi ne mafita, kuma nan ma tafkin Perahora ya fi dacewa da zama a ci a natse, sai dai babban kifi da kilo ake sayar da shi, ka sa a auna a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta, in ba haka ba takardar biya za ta ɓata maka yini. Salak ɗinsu mai tumatir da cuku da zaitun da burodi ma ya isa ya riƙe mutum. Masallaci mai aiki kuwa kada ka sa ran samu a kan hanya, ɗauki dardumarka da gorar alwala, a Perahora wurin shimfiɗawa ba ya wuya, a Suniyon dab da magariba sai ka sauko daga tsaunin ka nemi gefe.

Mai ƙananan yara ko dattijon da gwiwa ke damu, Suniyon ya fi masa, hawan kaɗan ne kuma a gama da wuri, ko kuma a yi Korinti na ƙasa da tafkin a bar Akrokorinti. A lokacin sanyi da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe 5, Suniyon ɗin ma ba ya cika, don haka rabin dalilin guje masa ya tafi, ita kuma hanyar yamma yinin ya yi mata gajarta sai ka yar da zango ɗaya. Wanda kuma jirginsa na yamma ne yana neman inda zai kashe awa uku, akwai Brabrona, a taswira Vravrona, wurin bautar gunkiya Artemis kusa da filin jirgin sama, da rumfarsa mai ginshiƙai da tsohuwar gadar dutse a cikin fadama, shi ma shiru ne sosai, sai dai a duba ranar Talata don ƙananan wuraren tarihi da yawa a Girka ba sa buɗewa ran nan, kuma lokutan buɗewa na sanyi ba ɗaya suke da na bazara ba.